Gishirin da Ba Ya Shiga Miya

Da zarar an ambaci gishiri, tukunyar miya ce ke fara faɗo wa yawancinmu a rai, alhali kuwa abin da ɗan Adam ke ci bai kai kashi 10 cikin 100 na gishirin da ake samarwa a duniya ba. A kowace shekara ana fitar da fiye da tan miliyan 250, ƙasar Sin ce a kan gaba, Amurka da Indiya na biye da ita, kuma kaso mafi tsoka na wannan tuli yana ƙarewa ne a masana'antun sinadarai, da kan titunan ƙasashen da ƙanƙara ke rufewa da hunturu, da majemu, da masaƙu, da wuraren tace ruwan sha. Na daɗe ina ganin cewa wannan rashin sani ba ƙaramar asara yake jawo mana ba, domin al'ummar da ta ɗauki gishiri a matsayin kayan ɗanɗano kawai ba za ta taɓa haɗa shi da tsadar sabulu, ko ta bututun ruwa, ko ta gilashin taga ba. Abin ya fi damuna ne saboda kakanninmu sun san wannan haja ciki da waje, sun kuma ci arzikinta na tsawon ƙarnuka, duk da cewa ba su ne ke haƙo ta ba.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Tsakiyar ƙasar Hausa ba ta taɓa mallakar wata mahaƙar gishiri ta a-zo-a-gani ba. Duk gishirin da ya cika kasuwar Kurmi a Kano, da kasuwannin Katsina da Damagaram da Sakkwato, daga gefe yake shigowa. Daga arewa maso gabas akwai na Bilma da Fachi, daga yammacin Agadas akwai na Tagidda, daga ƙasar Manga akwai mangul da kanwa, daga gaɓar Tafkin Chadi akwai ungurnu, daga kwarin Foga da ke kusa da Gaya ta Nijar akwai wanda ake dafawa, sannan daga kudu akwai na Awe da Keana a kwarin Binuwai. Kowanne da launinsa da ɗanɗanonsa da masu nemansa, kuma dillalin da ya san aikinsa yakan bambance su da lasa ɗaya. Rabon Bahaushe a wannan harka shi ne masauki, da dillanci, da rarrabawa, da kuma sarrafa kayan a sana'o'insa, kuma wannan rabo ba ƙarami ba ne.

A Bilma, a wurin da ake kira Kalala, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, kuma yana ratsa ƙasa mai gishiri kafin ya ɓullo. Mazauna wurin, waɗanda akasarinsu Barebari ne, suna haƙa ramuka har su tarar da ruwan, sa'an nan su bar wa rana sauran aikin. Idan zafi ya tsananta, sai gishiri ya fara yin ɓawo a saman ruwan, ma'aikaci ya riƙa farfasa ɓawon yana nitsar da shi domin wani ya sake taruwa, har a sami abin kwashewa a ƙasan ramin. Wanda ya fi tsabta shi ne beza, kuma shi ake kai wa madafa. Ragowar, mai haɗe da ƙasa da wasu ma'adinai, ana kwaɓa shi a zuba a cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife shi a ƙasa ya bushe, ya fito da siffar nan mai tsini da duk wanda ya saba da kasuwar dabbobi ya sani, wato kantu. Aiki ne mai cin jiki, domin mutum yana tsaye ne cikin ruwan da ke tsattsaga fata, a lokacin da rana ta fi ƙuna, a wurin da shekara kan wuce ba a ga ruwan sama na kirki ba. Wannan rashin ruwan saman shi ne jarin Bilma na gaskiya.

Ɗaukar kayan kuwa aikin Buzaye ne. Bayan damina, wajen watan Oktoba, ayari kan tashi daga duwatsun Azbin ya keta saharar Tenere, tafiyar kusan kilomita 600, ya ya da zango a Fachi kafin ya isa Bilma. Babu ciyawa a hanya, saboda haka raƙuma ke ɗauke da abincinsu, ana ajiye wani a wasu wurare domin dawowa, kuma madugu ne kaɗai ya san yadda zai bi da mutane daga rijiya zuwa rijiya. Suna tafiya da gero da sauran kayan da ba a samu a can, su dawo da kantu da beza da dabino. Daga nan sai su gangaro kudu, ta Damargu zuwa Damagaram da Maraɗi da Katsina da Kano, su yi rani a ƙasar Hausa, raƙumansu na cin karan gonaki suna barin taki, su sayar da gishiri su sayi hatsi da tufafi, kafin su koma gida gabanin damina. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da irin wannan ayari ya biyo daga Azbin a ƙarshen 1850, ya kuma shiga Kano a farkon 1851. A farkon ƙarni na 20 an ƙidaya ayarin da ya kai raƙuma 20,000. Fari na shekarun 1973 da 1984 ya hallaka dabbobi masu yawa, manyan motoci kuma sun karɓe wani kaso na dakon, amma har yanzu ayarin bai mutu ba.

Dalilin da ya sa bai mutu ba yana da muhimmanci ga duk mai nazarin kasuwa. Makiyayi ba ya sayen kantu don tunawa da zamanin da, yana sayensa ne domin ya ga bambanci a jikin shanunsa da raƙumansa. Dabbar da ke rayuwa a kan ciyawa tana buƙatar gishiri fiye da abin da ciyawar ke ba ta, kuma idan ta rasa shi sai cinta ya ragu, nononta ya ja baya, ta fara lasar ƙasa. Wannan buƙata ce ke tara Fulani da Buzaye a filayen Ingal a ƙarshen kowace damina, inda dabbobi ke shan ruwa mai gishiri su ci ciyawar wurin. Saboda haka kantu yana da kasuwarsa ta kansa wadda farin gishirin leda bai iya ƙwacewa gaba ɗaya ba.

Amma babban abin da tarihin Bilma ke nunawa shi ne cewa gishiri a bakin rami kusan ba shi da daraja. Abin da ke ba shi farashi shi ne nisa da wahalar kai shi inda ake buƙata, kuma kantun da aka musanya da 'yan mudun gero a Kawar, yankin da Bilma take, yakan ninka kuɗinsa sau da yawa kafin ya isa Kano. Shi ya sa rigimar da aka yi tsakanin daular Barno da Buzayen Azbin a tsakiyar ƙarni na 18 ta kasance a kan wa zai riƙe hanya, kuma shi ya sa Buzaye da suka yi rinjaye suka fi mahaƙan kansu cin riba. Irin wannan lissafi ne ya juya wa cinikin sahara baya daga bisani. Da jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Legas da Kano a 1912, gishirin da jiragen ruwa ke kawowa daga Ingila ya sami hanyar da ta fi raƙumi sauri da araha, sai ya mamaye madafa a hankali, ya bar wa gishirin sahara garke. Ba ingancin gishirin Bilma ne ya ragu ba, kuɗin dako ne ya canza.

Yau ma dokar ba ta sauya ba. Mafi yawan gishirin da ake ci a Nijeriya daga ƙetare ake shigo da shi ɗanye, musamman daga Brazil da Namibiya, a tace shi a niƙa a zuba masa sinadarin aidin a ƙulla a buhu da leda a Legas da Fatakwal. Kamfanin NASCON, wanda gwamnati ta kafa a 1973 kuma yanzu yake ƙarƙashin rukunin Dangote, yana cikin manyan masu wannan aiki. Mutane da yawa kan yi mamakin yadda ƙasar da ke da gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 800 take sayen gishiri daga waje, kuma amsar tana cikin yanayi. Litar ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na ma'adinai narkakku, kusan giram 27 daga ciki gishirin ci ne, kuma kafin a raba shi da ruwan ana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe, da rana mai ƙarfi, da iska busasshiya, da watanni masu yawa ba tare da ruwan sama ba. Gaɓar Walvis Bay a Namibiya hamada ce da ta gangaro har bakin teku, haka nan jihar Rio Grande do Norte a Brazil tana da dogon rani da iska mai kaɗawa. Gaɓarmu kuwa tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a nahiyar, iskarta cike take da laima, ga Kwara da sauran koguna suna tsarma ruwan tekun. Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo sai gishiri ya ji kunya. A Afirka ta Yamma, Senegal da Ghana ne suka dace da busasshiyar gaɓa, shi ya sa Kaolack da tafkin Songor na yankin Ada suka zama manyan wuraren samar da gishirin teku.

To, idan yanayi ya hana mu zama manyan masu samarwa, wannan ba abin kunya ba ne, tun da can ma ba mu kasance ba. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne abin da muke yi da gishirin bayan ya sauka a tashar jiragen ruwa, domin a nan ne dukiyar take.

Idan aka narkar da gishiri mai tsabta a ruwa aka ratsa shi da wutar lantarki, yakan rabu ya ba da abubuwa uku: iskar kulorin, da soda mai ƙuna wadda 'yan kasuwa ke kira kostik soda, da iskar haidurojin. Daga kimanin tan 1.7 na gishiri ana samun tan ɗaya na kulorin da tan ɗaya da 'yan kai na soda. Waɗannan biyun su ne ginshiƙin masana'antu masu yawan gaske. Da kulorin ake kashe ƙwayoyin cuta a ruwan famfo, kuma duk wanda ya ga abin da kwalara ke yi wa unguwa a lokacin damina ya san darajar wannan. Da shi ake yin ruwan wanke tufafi da na tsabtace asibiti, da magungunan ƙwari na gona, da wasu magungunan mutane. Robar PVC, wadda ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da silin da ita, fiye da rabin nauyinta kulorin ne, ma'ana bututun da ke kai ruwa banɗakin gida rabinsa daga gishiri ya fito. Soda kuwa ita ce ke mayar da mai ya zama sabulu, da ita ake sarrafa takarda, da tace ma'adinin da ake samun sanholo daga gare shi, da gyara zaren auduga kafin rini. Matan da ke haɗa sabulu a gida suna sayarwa a Kano da Gusau da Zinder sun san ta sarai, sun kuma san yadda farashinta ke tashi duk lokacin da dala ta motsa, domin daga waje ake kawo ta.

Akwai hanya ta biyu da ta girmi wannan. A shekarun 1860 wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Ernest Solvay ya daidaita dabarar haɗa ruwan gishiri da dutsen farar ƙasa da amoniya don samar da tokar soda, wadda ita ce ake narkawa tare da yashi a yi gilashi da kwalba, ake kuma zubawa a garin sabulun wanki. Abin sha'awa a nan shi ne cewa sinadarin da ke cikin tokar soda shi ne dai wanda ke cikin kanwa da ungurnu, waɗanda iyayenmu mata ke sakawa a miyar kuka da wake, makiyaya kuma ke jiƙa wa dabbobi. A Kenya, daga tafkin Magadi ake haƙo irin wannan ma'adini a tace shi a fitar da shi zuwa ƙasashen waje fiye da shekara 100 ke nan. Namu na ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi har yanzu a buhu yake yawo kamar yadda aka tono shi.

A Kano, inda gishirin masana'anta ya fi bayyana a fili shi ne harkar fata. Fatar akuya ko ta tunkiya takan fara ruɓewa cikin sa'o'i kaɗan bayan fiɗa, musamman da zafi, kuma ɗan kasuwar da ke tara fatu daga ƙauyuka ba shi da abin da zai tsare su da shi sai gishiri, wanda ke zuƙe ruwan jikinsu ya hana ƙwayoyin cuta aiki. Fatar da aka yi wa rowar gishiri takan zubar da gashi ta yi tabo, darajarta ta faɗi tun kafin ta isa majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai. A cikin majemar ma ana sake amfani da shi a matakin da ake tsoma fata cikin ruwa mai tsami, domin ya hana ta kumbura. Haka nan masu rinin zamani suna zuba gishiri mai yawa a ruwan rini don launi ya kama auduga. Sai dai wannan amfani yana da nasa lahani da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Duk gishirin da aka barbaɗa wa fata sai an wanke shi, ruwan wankin kuma yana gangarawa rafuka, kuma gishiri ba ya cikin dattin da ramin tacewa na yau da kullum ke iya cirewa. Manomin rani da ke ban ruwa daga irin wannan rafi yana tara gishiri a gonarsa shekara bayan shekara, har ƙasar ta fara fari tana ƙin shuka. Kakkaɓe gishirin daga jikin fata kafin a jiƙa ta abu ne mai sauƙi da ke rage wannan ɓarna, kuma ina ganin ya kamata hukumomin muhalli su mayar da shi wajibi.

Masu haƙar man fetur suna zuba gishiri a cikin taɓon da suke haƙa da shi, masu kifi da masu gwangwani suna adana abinci da shi, asibitoci kuma suna ƙara wa marasa lafiya ruwan da ke ɗauke da giram 9 na gishiri a kowace lita.

Ra'ayina shi ne cewa tace gishirin waje a ƙulla shi a leda mataki ne mai kyau, amma shi ne mafi ƙarancin riba a cikin jerin matakan. Muna biyan kuɗin jirgi mu kawo ɗanyen gishiri, sa'an nan mu sake biyan wani kuɗin mu kawo soda da tokar soda da garin PVC waɗanda wasu suka yi da irin wannan gishirin a ƙasashensu. Japan ba ta da yanayin shanya gishiri, tana sayo mafi yawansa ne daga Ostireliya da Meziko, amma ta gina manyan masana'antun sinadarai a kansa. Abin da ya raba mu da ita a wannan fage shi ne wutar lantarki, domin samar da tan ɗaya na kulorin yana cin fiye da awon lantarki 2,000 na irin wanda mita ke ƙirgawa, kuma na'urorin ba sa jure ɗauke wuta da dawowa. Babu mai hankalin da zai zuba jarinsa a irin wannan masana'anta ya dogara da janareto. Shi ya sa nake kallon bututun iskar gas da ake shimfiɗawa daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, a matsayin ayyukan da suka shafi gishiri kai tsaye, ko da ba a ambace shi a cikin takardunsu ba. Kulorin iska ce mai guba da ke da haɗarin ɗauka zuwa nesa, don haka ya fi dacewa a yi ta kusa da masu amfani da ita, kuma hukumomin ruwan sha da majemu da masu sabulu na arewa kasuwa ce da ta isa a duba.

Ba na cikin masu cewa a ɗauko kantun Bilma a ciyar da masana'antar sinadarai da shi. Irin waɗannan na'urori suna buƙatar gishirin da tsabtarsa ta kusa cika ɗari bisa ɗari, kuma ma'adinan da ke sa makiyayi son kantu su ne za su toshe su. Inda ya cancanci a zuba kuɗin bincike shi ne kwarin Binuwai da yankin da ke kudu da shi, inda maɓuɓɓugan ruwan gishiri suka jeru daga Awe da Keana a jihar Nasarawa har zuwa Okposi da Uburu a jihar Ebonyi. A waɗannan garuruwa mata ne ke riƙe da sana'ar tun kaka da kakanni, suna tace ruwan ta cikin ƙasa mai gishiri su dafa shi da itace, kuma tafkunan Okposi da Uburu ne suka ciyar da yankin gabas da gishiri a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ruwan da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana ɓulɓulowa da gishiri ya isa dalilin da zai sa a haƙa rijiyoyin gwaji masu zurfi a auna yawan abin da ke ƙasa da ƙarfinsa, a kuma wallafa sakamakon kowa ya gani, domin mai jari da lissafi yake aiki.

Su kuwa ƙananan masu samarwa, daga matan Keana har zuwa mahaƙan Kalala da masu dafa mangul, akwai wani hakki da ke kanmu game da su. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta zuba aidin a gishirin ci, kuma wannan doka ta rage cutar maƙoƙo ƙwarai, ta kuma kare ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki. An sami nasarar cikin sauƙi ne saboda gishirin yana shigowa ta ƙofofi ƙalilan, hukumar NAFDAC na iya tsayawa a kansu. Gishirin gargajiya ba ya bi ta waɗannan ƙofofi, kuma a ƙauyukan da ya fi araha iyalai suna cinsa ba tare da aidin ba. Kama shi a kasuwa ba zai haifar da komai ba sai talauta mutanen da ba su da wata sana'a. Na'urar fesa aidin ƙarama ce, ƙungiyar mata guda za ta iya sarrafa ta idan an koya musu awo aka kuma tabbatar musu da samun sinadarin a kan kari, tare da buhunan da ba sa shan laima da tukwanen dafawa masu cin itace kaɗan. Sai a ware kantu da sauran gishirin lasa a bar su a kasuwar dabbobi, a kuma sauƙaƙa musu haraji a Jibiya da Maigatari da Illela, domin rufe iyakar da aka yi a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya nuna cewa duk lokacin da hanya ta toshe, makiyayin da ke wannan gefe da mahaƙin da ke wancan gefe ne suke fara ji a jikinsu.